Madara ba ta wanke ƙurar auduga daga huhu

Tun da aka fara awon auduga bana, kusan kowane mako sai an zo mana asibiti a nan Gusau da kuka iri ɗaya: "Malam, ƙirjina ya ɗaure, ga tari, numfashi sama-sama." In na tambayi sana'a, ko dai mai aiki a injin gurza ne, ko mai ɗura buhu, ko mai cika katifa da matashin kai. In na ce ina takunkuminka, sai ya ce zafi yake sa shi, amma ai yana shan madara bayan aiki.

Haba 'yan uwa! Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga. Ta ina za su haɗu?

Wannan ƙurar ba farin auduga kaɗai ba ce. Akwai ɓurɓushin ganye da ɓawo, da dafin wasu ƙwayoyin cuta da ke manne da su. A Amurka, cikin shekarun 1980, masu bincike sun sa ɓerayen Masar cikin akwati suna shaƙar ƙurar auduga na wasu awoyi. Numfashinsu ya koma gajere, da sauri-sauri, hanyoyin iska na huhunsu suka kumbura. Dabbar da ba ta shan taba, ba ta san hunturu ba, ƙurar kawai ta yi mata haka. To ina ga kai da ka shekara goma kana shaƙa?

Alamar da nake so ku riƙe ita ce wannan: ƙirji ya fi ɗaurewa ranar da ka koma aiki bayan hutu, sai ya sassauta a kwanakin da ke biye. Shi ya sa Turawa ke danganta ciwon da ranar Litinin. Wannan sassautawar ce ke yaudarar ku, ku ce jiki ya saba. Bai saba ba. A hankali ɗaurewar za ta cinye mako duka, har hawa tudu ya gagara, kuma in ta kai nan huhu ba ya komawa yadda yake.

Wani dattijo mai katifa ya ce min, "Ɗana, ubana ma haka ya yi aikin nan." Na ce, "Baba, yaya numfashinsa yake da ya tsufa?" Sai ya yi shiru. Wallahi na tausaya masa, na san abincinsa ke nan, ba na ce kowa ya bar sana'a ba.

Takunkumin kawai nake roƙo. A sa irin wanda ake kira N95, mai tace ƙura mai laushi, ya rufe hanci da baki, ba a rataye shi a haɓa ba. Ƙyalle ko bakin rawani ba ya tare ƙura mai laushi. A buɗe tagogi, a yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da yara daga wurin shiɓa, mai shan taba ya daina. Wanda ƙirjinsa ya fara ɗaurewa ya bar sayen maganin tari a kemis, ya zo mu duba shi, kuma ya faɗa mana aikin da yake yi tun kafin mu tambaya.