Kwal da wutar lantarki: tambayoyi kan tashar Anu Araren

Ta yaya ake samun lantarki daga kwal?

Kwal haƙo shi ake yi daga ƙasa, ragowar tsirrai ne da suka yi miliyoyin shekaru a binne. A manyan tashoshi ana niƙa shi ya zama gari, a ƙona, zafin ya tafasa ruwa a cikin bututu. Tururin ne ke juya wani inji mai fukafukai, shi kuma ya juya janareta. A tsofaffin tashoshi, wajen kashi biyu cikin uku na zafin a banza yake tafiya.

Akwai irin wannan tasha a yankinmu?

Akwai, a Anu Araren kusa da Cirozerin, cikin jihar Agadas. An kafa kamfanin Sonichar mai gudanar da ita a 1975, tashar ta soma aiki a 1981, tana da injuna biyu masu ba da megawat 37 da ɗoriya. Domin mahaƙar yuraniyum ta Arlit da Akokan aka gina ta, kuma daga ita Nigelec, kamfanin lantarki na Nijar, ke samun wutar da yake raba wa Agadas da Arlit da Cirozerin. Abin da ke ci mini rai shi ne, an yi shekaru da dama yuraniyum ɗin nan yana haskaka biranen Faransa ta hanyar tashoshin nukiliya, alhali akasarin ƙauyukan Nijar da fitilar hannu suke kwana.

Najeriya fa?

An gano kwal a Enugu a 1909, an kuma yi tashar Oji River, amma ta daɗe da mutuwa. Yau iskar gas da madatsun Kainji, Jebba da Shiroro ne ke riƙe da ƙasar.

Me ya sa har yanzu ake kwaɗayin kwal?

Saboda ba ruwansa da dare ko rani; muddin akwai kwal, inji na juyawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga gare shi yake fitowa, Sin da Indiya ne kan gaba. Ga Nijar kuwa magana ce ta dogaro da kai. Da Najeriya ta katse mata wuta bayan juyin mulkin 2023, mutanen Yamai da Maradi da Damagaram sun ji a jikinsu. Don haka ban ga laifin masu zumuɗin shirin gina tashar kwal ta Salkadamna, a jihar Tawa, ba.

To, ina illar?

Hayaƙinsa mai ɗumama duniya ya kusan ninka na gas sau biyu. Ga toka, ga ƙura mai shiga huhu, kuma tasha na shan ruwa sosai, wanda a bakin Sahara ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin gini ma ya yi wuya: Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe a 2024, Sin kuma tun 2021 ta ce ta daina gina sababbi a ƙasashen waje. Duk wanda zai gina Salkadamna, sai ya fara faɗa wa mutanen Tawa daga ina ruwan zai fito, ina za a zuba tokar, kuma garuruwansu nawa za su sami wutar.