Wada da basamude a tebur ɗaya: waiwayen dokar girman jiki a wasan D&D

Duk wanda ya taɓa zama teburin Dungeons & Dragons (wasan da kowa ke ɗaukar jarumi ɗaya a cikin labarin da mai jan wasa ke jagoranta) ya san rigimar nan: ɗan guntun jarumi mai tsawon ƙafa 3 ya ce zai kama basamude da kokawa, mai jan wasa ya ce ina, ba zai yiwu ba, sai musu ya kaure. Mu nan Legas da ƴan tsirarunmu ke haɗuwa ranar Lahadi, wani daga Agege wani daga Idi-Araba wani tun daga Alaba Rago, musun nan tsada gare shi, don wanda ya sha go-sulo kafin ya iso ba lissafi ya zo yi ba. Amma rigimar ta girme mu, tun farkon wasan ake fama da ita.

Asalin abin daga wasan yaƙi na ƴan sojojin roba da dalma ne. Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, littafin dokokin irin wannan wasan yaƙi, a 1971, sannan Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D a 1974 a Amurka ƙarƙashin kamfanin TSR. Da aka zo kan Advanced D&D a ƙarshen shekarun 1970 sai aka raba halittu gida uku kawai, S da M da L, wato ƙarami, matsakaici, babba. Inda abin ya yi daɗi shi ne kowane makami ɓarna biyu gare shi. Dogon takobi 1d8 (wato a jefa ɗan lido ɗaya mai fuska 8, abin da ya fito shi ne ɓarnar) yake yi wa mutum amma 1d12 ga babbar halitta, takobin hannu biyu daga 1d10 ya haura 3d6, ita kuwa wuƙa sauka ma take yi daga 1d4 zuwa 1d3, wai ina wuƙa za ta kai a jikin giwa. Akwai hankali a ciki gaskiya, sai dai kowane sara sai an leƙa jadawali.

Wasu kamfanonin wata hanya suka bi. RuneQuest na Chaosium a 1978 ya mai da girman jiki lamba kamar ƙarfi da basira, SIZ, kuma Call of Cthulhu na 1981 ya gaji wannan, girmanka yana shiga makin ranka (yawan dukan da za ka iya sha kafin ka faɗi) da nauyin dukanka tun ranar da ka ƙirƙiri jarumin, an gama, ba sai ana ta komawa ba. Ni dai wannan dabarar ta fi burge ni.

Mu koma kan wasan TSR: bugunsa na biyu a 1989 ya kai ajin girma 6. Sai Wizards of the Coast suka sayi TSR a 1997, bugu na uku ya fito a 2000, to nan ne fa aka zurma. Aji 9, daga ƙwaro har dodon da ya kai gida. Ƙarami yana samun +1 wajen kai hari da kaucewa, babba -1, abin yana ninkuwa har +8 da -8 a ƙarshen biyun, kokawa kuma nata lissafin daban, tsalle huɗu huɗu har 16, ɓuya ma haka, ɗaukar kaya ma haka. A 2003 da aka yi gyaran 3.5 har makamai aka yi wa girma, dogon takobin wada 1d6 na cikakken mutum 1d8. Kuma dokin da a da yake cin fili ƙafa 5 da 10 aka mai da shi murabba'i 10 da 10, don kawai a huta da tambayar ina ya fuskanta. Kun ga a bugu ɗaya ana ƙara gaskiya ta nan ana rage ta ta can.

Abin dariyar shi ne duk wannan lissafin bai kawo gaskiyar ba. Sanannen misali shi ne mage: saboda ƙanƙantarta tana da wuyar samu, tana kai hari sau uku, manomi kuwa makin ransa sau da yawa bai wuce 4 ba, don haka a takarda magen gida tana iya kashe magidanci. Kuma in da gaske gaskiya ake nema, ai tun 1638 Galileo ya nuna cewa in ka ninka tsawon abu sau 2, kaurin ƙashinsa sau 4 zai ƙaru amma nauyinsa sau 8. Mutum mai kilo 80 in ya ninka tsawo ya zama kilo 640 kenan, gwiwarsa ce za ta fara kai ƙara. Ba wanda yake son wasan da basamude zai karye da kansa kafin a zare takobi.

Bugu na huɗu a 2008 ya fara share yawancin wannan, na biyar a 2014 ya ɗora a kai. An koma aji 6, babu ƙari ko ragi wajen hari da kaucewa, abin da ya rage shi ne wanda ido ke gani a kan tebur: fili nawa ka ci a taswirar wasan, ta wace ƙofa za ka iya kutsawa, kaya nawa za ka ɗauka, sannan ba ka kama wanda ya fi ka da sama da aji ɗaya. Kamar dai filin dambe, ba sai an kawo sikeli ba, ido ya isa ya ce wannan ba sa'an wancan ba ne. Kamfanin Paizo ma da suka fitar da wasan Pathfinder a 2009 a kan ginin 3.5, da suka zo bugu na biyu a 2019 sun zubar da galibin lambobin. A gyaran 2024 har dokar da ke wahalar da ƙananan jarumai da manyan makamai an sauya ta, yanzu ƙarfi 13 ake nema ko zafin nama 13 in baka ce, ba tsawo ba.

Inda nake ganin an wuce gona da iri shi ne faɗuwa. Har yau 1d6 ne kowace ƙafa 10 zuwa iyakar 20d6, ko ɓera ne ko giwa, alhali kowa ya san ɓera zai faɗo daga bene ya ruga, giwa kuwa sai dai a kira mahauta. A teburinmu mai jan wasa yana rabe wa ƙanana biyu ya ninka wa manya, layi ɗaya ne a bayan takarda, kuma har yanzu ba wanda ya yi musu a kai.