Waiwaye: rigimar shaho da maharba a tuddan Birtaniya

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san haushin shirwa, kana zaune ta sauko ta sure ɗan tsako ta yi sama, sai dai ihun yara da jifa. To a Birtaniya irin wannan haushin ne ya girma har ya shiga majalisa, sai dai su can ba a kan kaji ba ne, wata tsuntsuwa ce ja-ja mai kama da makwarwa da suke kira grouse, tana zaune a tuddan arewacin Ingila da Sikotland, masu hannu da shuni ke biyan kuɗi mai tsoka su harbe ta, kuma kakar farautar tana buɗewa ne ranar 12 ga Agusta duk shekara.

Abin ya samo asali tun ƙarni na 19. Jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa arewa, aka samu bindiga mai saurin ɗuri, ga Sarauniya Biktoriya da mijinta sun sayi gidan Balmoral a Sikotland a 1852, shi kenan hawa tudu farauta ya zama yayin manya. Salon harbin ma ya canza, maimakon mutum ya bi daji da karensa sai a jera masu kora su taso tsuntsayen su nufo inda maharba ke laɓe, a rana guda a zubar da ɗaruruwa. Irin wannan kuwa ba ta yiwuwa sai makwarwar ta yi yawa fiye da yadda dajin zai haifar da kansa, don haka aka ɗauki masu gadin daji aikinsu ƙona ciyawa don ta yi sabon toho da kashe duk abin da ke cin makwarwa, yanyawa, hankaka, shaho, mikiya, babu wanda aka bari. A gandun Glengarry da ke Sikotland kaɗai, lissafin 1837 zuwa 1840 ya nuna an kashe shirwa 275 da mikiya mai farar wutsiya 27. Ita wannan mikiyar a 1918 aka harbe ta ƙarshe a Shetland, sai a 1975 aka fara kawo wasu daga Norway ana sakinsu a tsibirin Rum.

Doka ta shigo a 1954 ta ba akasarin tsuntsayen nan kariya, ta 1981 ta ƙara ƙarfafawa, amma fa takarda daban daji daban. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda ke nan tun 1889, shekara da shekaru tana tattara rahoton guba da tarko da harbi, wanda ya fi shan wuya kuma shi ne wani shaho da suke kira hen harrier, don a ƙasa yake sheƙa cikin ciyawar da makwarwar ke ciki kuma yana ciyar da 'ya'yansa da 'yan tsakinta.

Inda ni nake ganin zuciyar maganar take shi ne Langholm, wani gandu a kudancin Sikotland. Daga 1992 zuwa 1997 ɓangarorin biyu suka yarda a yi bincike tare, a bar shahon ya sakata ya wala a ga me zai faru. Matan shahon da ke sheƙa suka ƙaru daga 2 zuwa 20, makwarwa ta ragu har farautar kora ta daina biyan kanta aka dakatar da ita. Maharba suka ce kun gani ko, dama mun faɗa, ga aikin masu gadi ya tafi. Masu kare tsuntsaye suka ce to ai kun amsa da bakinku kenan cewa sana'ar ba ta tsayawa sai an karya doka. Gaskiya kowa na da abin riƙewa a nan, don masu gadin suna kashe yanyawa da hankaka kuma hakan na taimakon wasu tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, har shi kansa shahon. An ma gwada ajiye masa matattun ɓeraye da 'yan tsaki kusa da sheƙa don ya ƙyale makwarwa, kuma ya yi aiki sosai, amma gandaye kaɗan ne suka rungumi dabarar, wannan kam ya tsaya min a rai.

A 2013 ko ɗan shahon nan guda bai tashi daga sheƙa ba a duk faɗin Ingila. Daga nan zanga-zanga ta fara, masu fafutukar kare tsuntsaye irin su Chris Packham da Mark Avery suka shiga gaba a taron ranar shahon na farko a Agustan 2014. Gwamnati ta fito da tsari a Janairun 2016, ciki har da kwashe ƙwai ko 'ya'yan shaho daga gandun farauta a rene su a keji sannan a sake su, maharba suka yi na'am, RSPB ta fice daga tsarin a Yulin shekarar tana cewa kisan bai tsaya ba. Sai ga bincike a 2019 kan shahuna 58 da aka maƙala wa na'urar bibiya ta tauraron ɗan'adam, ya nuna kashi 72 cikin ɗari an kashe su ko kuma sun ɓace ɓat a yanayin da ke nuna kisa ne, kuma sun fi ɓacewa a saman gandun makwarwa. Na'ura na aiki lafiya lau yau, gobe shiru, ba gawa ba fuka-fuki. Shi ya sa kai mutum kotu ke wuya, wurin ba kowa, ba shaida.

Maharba su ma suna da lambar da suke nunawa, a 2023 'ya'yan shaho 141 suka tashi a Ingila, suka ce ga amfanin haɗin kai. Duk da haka a 2025 Natural England, hukumar gwamnati mai kula da halittun daji a Ingila, ta ce ba za ta ci gaba da ba da izinin kwashe 'ya'yan ba.

Sikotland dai ta gaji da jiran alƙawari, a Maris 2024 majalisarta ta zartar da dokar da ta ce sai da lasisi za a harbi makwarwar, kuma ana iya ƙwace shi in aka samu hujjar kashe shaho ko mikiya a gandun, abin da RSPB ke ta matsa wa Ingila ta kwaikwaya. Shi kuwa tudun Langholm, mutanen garin sun yi karo-karo sun sayi babban ɓangarensa tsakanin 2021 da 2022 suka mai da shi gandun kare halittu na Tarras Valley.