Idan masifa ta tsayar da kasuwancinka, daga ina za ka tashi? Tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai aikina a nan Jidda kula da kwamfutoci da lissafi ne a wani kamfanin kago da ke aika kaya Kano da Yamai, kuma tun ranar da na ba da labarin abin da ruwan 2022 ya yi mana a majalisarmu ta bayan isha'i mutane ke ta turo min tambayoyi a waya, toh sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya in amsa.

Malam, wai mene ne ma wannan tsarin da kake ta nanatawa?

Abu biyu ne da ake haɗawa. Na farko tsarin ci gaba da aiki, wato yadda za ka ci gaba da sallamar kwastoma alhali matsalar tana nan ba ta wuce ba, shago a rufe ko babu wuta ko babu intanet. Na biyu tsarin farfaɗowa, shi kuma yadda za ka dawo da kwamfutoci da bayanai bayan sun lalace. Duka biyun a rubuce suke tun kafin abin ya faru, don ranar da ruwa ya kai maka gwiwa kwakwalwa ba ta lissafi.

Mu da ba mu wuce mutum huɗu a shago ba, wannan ba aikin irin su Aramco, katafaren kamfanin man Saudiyya, ba ne?

Alhaji ai kai ka fi su bukata wallahi. Ranar 15 ga Agusta 2012, cikin azumi, wata cutar kwamfuta mai suna Shamoon ta goge kwamfutocin Aramco kusan 30,000, ma'aikata suka koma takarda da biro da faks. Amma haƙo mai bai tsaya ba saboda na'urorin da ke wannan aikin a ware suke daga na ofis, kuma suna da kuɗin da za su sayi sababbin kaya nan take. Kai idan kwamfutarka ɗaya tilo ta mutu wa zai saya maka?

Bari in gaya maka namu. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 ruwa ya shigo sitonmu, kwamfutar lissafi tana ƙasa ƙarƙashin tebur, faifan da muke kwafe bayanai a ciki kuma yana cikin durowar wannan teburin dai, duk suka sha ruwa tare. Littafin bashi ma ya jiƙe. Ina tuna yadda muka dinga ɓare shafukan ɗaya bayan ɗaya muna shanyawa a kan kwalayen dabino, tawada ta narke ta zama shuɗin ruwa, kana ganin sunan mutum amma adadin kuɗin ya tafi. Wata Hajiya ta zo neman jakunkunanta na abaya guda uku da ta ba mu, ta biya kuɗi, mu kuma ba mu da abin da zai nuna mana ko sun tashi ko suna cikin tarin kayan da ke gabanmu, tana tsaye tana kallonmu ba ta ce komai ba, wannan kallon har yau bai bar ni ba.

Kuma fa ba sabon abu ba ne a garin nan. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta kashe mutum sama da 100, unguwar Guwaiza ta fi shan wahala, aka sake yin wata a Janairu 2011. Mun sani, kawai ba mu shirya ba.

Ina kwafe komai a filasha, bai isa ba?

Bai isa ba in dai filashar tana ɗaki ɗaya da kwamfutar. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce 3-2-1, kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban, ko gida ko ajiyar intanet irin Google Drive. Kuma a samu kwafi ɗaya da ba a jone yake da komai ba, don cutar da ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa tana bin duk abin da ta samu a jone. A Yunin 2017 cutar NotPetya ta durƙusar da Maersk, babban kamfanin jiragen ruwan nan da muke ganin kwantenoninsa a tashar Jidda, asarar ta kai wajen dala miliyan 300, kuma abin da ya taimaka musu suka tashi wata saba ce, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, guda ɗaya a ofishinsu na Gana da ta tsira saboda an ɗauke wuta lokacin da cutar ke yawo.

Sannan ka tambayi kanka abu biyu. Awa nawa ko kwana nawa zan iya zama a tsaye kafin kwastomomi su koma wajen wani? Kuma aikin kwana nawa zan iya jure rasawa? In kana kwafi sau ɗaya a wata, ka yarda kenan ka rasa cinikin wata guda. Mu yanzu kullum muke yi bayan an rufe.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane ba sa gwadawa. Dan Allah ka ɗauki kwafin nan ka buɗe shi a wata kwamfuta daban ka ga ko rasit ɗin jiya yana ciki, ko sau ɗaya a wata uku ne, don sau da yawa sai ranar bukata ake gane tun tuni ya daina kwafa.

Wannan bai saɓa wa tawakkali ba? Abin da Allah ya ƙaddara ai sai ya faru.

Haka ne Alhaji, sai ya faru. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Kuma kayan da ke sitonka yawanci ba naka ba ne, amanar mutane ce.

Wani ɗan uwa daga Sudan ya ce: mu yaƙi ne ya kore mu, wane tsari ne zai tare harsashi?

Babu, Allah ya kawo muku sauƙi ya mayar da alheri. Ba zan yi maka ƙaryar cewa takarda za ta hana a wawashe shago ba. Amma yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna abubuwa. Da yawa sun kwashe abin da ya rage suka koma Wad Madani, sai ita ma ta faɗi a Disamba 2023, kaga wurin gudu na biyu bai kamata ya zama a kan hanyar haɗari ɗaya da na farko ba. Da bankuna suka rufe mutane suka dogara da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, sai ga shi a Fabrairu 2024 an yanke layukan sadarwa a yawancin ƙasar, shi ya sa nake cewa kada hanyar karɓar kuɗinka ta zama ɗaya. Wanda ya fita da hoton lasisi da takardun fili da sunayen masu bin sa da waɗanda yake bi da lambobin dilolinsa, ko ya isa Port Sudan ko Kassala da kayan jikinsa kawai yana da inda zai kama.

Doka ta tilasta?

Ga bankuna da ire-irensu e, babban bankin Saudiyya SAMA ya fitar musu da tsarinsu tun 2017, kuma akwai ma'aunin duniya ISO 22301 ga mai son shaida. Ƙaramin ɗan kasuwa kuma ya tuna ZATCA, hukumar zakka da haraji ta Saudiyya, na son a ajiye takardun haraji aƙalla shekara 6, ruwa ya ci su ko bai ci ba.

Toh daga ina zan fara?

Daga kanka Alhaji, ba daga kwamfuta ba. A yawancin shagunanmu lambar sirrin banki da saƙon tabbatarwa da Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, da WhatsApp ɗin kwastomomi duk a wayar maigida suke, in ya kwanta asibiti ko ya tafi gida igama, wato izinin zamansa a Saudiyya, ta ƙare masa a can shikenan komai ya tsaya cak, ma'aikata ko kuɗin haya ba za su iya biya ba. Lokacin korona ma mun gani, an dakatar da Umara ga 'yan waje a ƙarshen Fabrairu 2020, aka rufe jirage, masu shaguna da yawa suka maƙale a wata ƙasa kasuwancinsu a wata.

Ka zauna yau da mataimakinka ku cika shafi ɗaya. Ayyuka uku da in sun tsaya an mutu, wa zai riƙe kowanne in ba ka nan, lambobin kafili, wato wanda ya tsaya maka a Saudiyya, da mai gida da direba da ejan ɗinku na Kano, inda kwafin bayanai yake, da inda za ku haɗu ku yi aiki in shago bai shiguwa. A buga shi kwafi biyu, ɗaya a shago a sama nesa da ƙasa, ɗaya a gida. Namu yana cikin leda manne a bayan ƙofar ofis, kwamfutar kuma mun ɗaga ta sama mun ɗora a kan kanta.