Haɗa allon hawan igiyar ruwa a gida: abin da ake tambaya a Akara

Sabon allon hawan igiyar ruwa galibi sai an shigo da shi Gana daga waje, kuma kafin ya iso hannunka kuɗin jirgi da na kwastan sun hau kansa. Na hannu ma ba kullum ake dacewa da shi ba. Shi ya sa matasanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango, waɗanda suka je bakin tekun Kokrobite ko Busua suka ɗanɗana wasan da allon haya, suke dawowa da tambaya ɗaya: ba za mu iya haɗa namu ba? Ana iyawa. Ga abubuwan da aka fi tambaya a kai.

Anya wannan ba wasan Turawa ba ne da muke son cusa kanmu a ciki?

A'a. A shekarar 1834 wani Bature ɗan Birtaniya, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a bakin tekun Akara suna shiga ruwa da allunan katako marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta kwaso su zuwa gaɓa. Abin ya daɗe a ƙasar nan. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

Da me ake yin cikin allon?

Da soso mai tauri, kuma iri biyu ne suka shahara. Akwai na foliyuretan, wanda ake kira PU. Yana zuwa a shirye da siffar allo, da siririn katako a tsakiyarsa, yana da daɗin sassaƙa ƙwarai, amma sai an yi odarsa daga waje. Akwai kuma EPS, wato farin soson nan mai ƙananan ƙwayoyi da ake naɗo firji da talabijin a ciki, wanda magina ke sa wa a rufi. Shi ne za ka fi samu a nan. Ko a Amurka ma ya ƙara karɓuwa ne bayan Disambar 2005, lokacin da kamfanin Clark Foam, mai samar da mafi yawan soson PU a can, ya rufe ba zato ba tsammani, masu haɗa allo suka bazama neman madadi.

Sai dai ba kowane farin soso ba ne zai yi. Na cikin kwalin talabijin ya cika taushi. Ka nemi mai nauyin kilo 24 zuwa 32 a kowace mita kubik. Idan mai shago bai san lissafin ba, danna babban yatsanka a kai: in ya lotsa nan take ya bar rami, bar shi. Ka duba ƙwayoyin kuma, su zama ƙanana, a manne da juna sosai, ba masu zubewa da an goga hannu ba.

Za a iya nuna maka wani mai launin shuɗi ko ruwan hoda, XPS. Ba ya shan ruwa, wannan gaskiya ne, amma ya yi suna wajen rabuwa da fatar da aka lulluɓa masa idan rana ta buge shi. Da irin ranar Akara, ni ba zan ba mai farawa shawarar sa kuɗinsa a kai ba.

Yaya, wurin masu gyaran jikin mota na samu ruwan faiba mai araha. Zai yi?

Tsaya tukuna, ƙanena, nan ne aka fi yin asara. Ruwan faiba shi ne wanda ake jiƙa ƙyallen faiba da shi ya daskare ya zama fatar allo. Wanda masu gyaran mota da masu kwale-kwale suke amfani da shi galibi foliyesta ne, mai warin nan da ke hawa kai. Foliyesta yana narkar da EPS. Ka zuba shi kan allon da ka yi kwanaki kana sassaƙa, kana tsaye za ka ga soson yana zagwanyewa kamar gishiri a ruwa. Babu gyara bayan haka.

Ƙa'idar a taƙaice: EPS sai ifoksi, wato ɗaya irin ruwan faiban. PU kuwa yana karɓar duka biyun. Ifoksi ya fi tsada, ya fi wuyar samu, amma ya fi ƙarfi kuma allon ya fi sauƙin nauyi. Ko me mai shago ya rantse maka, ka yanki ɗan guntun soson ka ɗiga ruwan a kai ka bar shi ya kwana. Haka za ka gwada gam da fenti ma, domin gam ɗin masu takalmi da fentin gwangwani na fesawa su ma suna cin farin soso. Fentin da ake damawa da ruwa shi ne abokin tafiyarsa.

Ifoksi ruwa biyu ne ake haɗawa, yawanci kashi 2 da kashi 1, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin galan ɗinka. Kada ka ƙara na biyun, wato mai daskararwar, wai don ya bushe da wuri. Ba haka yake aiki ba, sai dai ya ƙi bushewa gaba ɗaya ya bar maka danƙo. A zafinmu yana saurin kamawa, don haka ka dama kaɗan kaɗan, ka juye kan allon nan da nan, domin idan ya zauna a kofi da yawa zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi. Lokaci mafi kyau shi ne bayan la'asar, zafi na sauka. Da hantsi iskar da ke cikin soson kumbura take yi, ta riƙa fitowa tana huda ruwan da ƙananan ramuka. Ranar da hadari ya haɗu, iska ta yi laima, a haƙura.

Ƙyallen faiba fa, wane iri kuma nawa?

Saƙaƙƙe za ka nema, mai kama da farin yadi, ba mai tarkacen zare da masu mota ke liƙa wa bamba ba. Mai tarkacen ruwan faiba yake sha ya mai da allo dutse. Saƙaƙƙen kuwa da nauyinsa ake auna shi, oza 4 ko 6. Allon farko na EPS ka ba shi shimfiɗa biyu na oza 6 a saman da ake takawa, ɗaya a ƙasa, kowacce ta naɗo gefe ta hau ɗaya fuskar. Allo mai ƙafa 8 zai ci wajen mita 8 zuwa 9 na ƙyalle da kimanin lita 3 na ifoksi.

Sai katakon tsakiya, wanda shi ne ƙashin bayan allon. Filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6 ya isa. A kansa za ka zana lanƙwasar allon daga hanci zuwa wutsiya, ka raba soson biyu a tsaye, ka manna shi tsakani da ifoksi. Zarto da magagari da samfefa da kuma haƙuri su ne sauran kayan.

Me zai hana in yi da katako zalla, tunda Kasuwar Timba na nan?

Babu abin da zai hana, kuma ina son wannan hanyar. Icen wawa, wanda masunta ke sassaƙa kwale-kwale da shi, mara nauyi ne kuma yana bin hannu. Mutanen Hawai na dā da siririn allon katako mara fiffike suke hawa. Amma irin wannan allo ba ya ɗaga mutum a ruwa sosai, tsayawa a kansa sai gwani. Ga mai koyo ya fi dacewa da hawan kwance. Allon katako mai rami a ciki kuwa, da haƙarƙarin filawud da fatar katako, aikin kafinta ne na gaske. In kana da kafinta a gida, bismillah. In babu, soso.

Wane girma?

Babba. Tsawo ƙafa 7 da rabi zuwa 8, faɗi inci 22, kauri wajen inci 3, hanci mai faɗi, gefuna a zagaye. Na san ɗan guntun allo mai tsinin hanci ya fi kyau a hoto, amma mai koyo ba zai kama igiya da shi ba.

Fiffiken da ke ƙasa, ɗaya ko biyu ko uku?

Fiffike shi ke hana wutsiyar allo zamewa gefe. Tom Blake ne ya fara liƙa wa allo shi a 1935, kuma shekaru masu yawa ɗaya ake sawa. Biyu sun yi tashe a ƙarshen shekarun 1970 a hannun Mark Richards na Ostireliya, wanda ya ci kambun duniya sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982. Suna da gudu, amma wutsiya kan sulle. A 1980 wani ɗan ƙasarsu, Simon Anderson, ya fito da tsarin uku masu girma kusan ɗaya, ya ci manyan gasanni da shi a 1981, kuma har yau shi ya fi yawa a kan gajerun alluna. Akwai na huɗu, akwai kuma babba ɗaya a tsakiya da ƙanana biyu a gefe.

A allonka na farko, ɗaya. Dalilin ba tarihi ba ne, aiki ne. Fiffike ɗaya kan layin katakon tsakiya yake zama, a miƙe, ba abin da za ka auna sai nisansa daga wutsiya da kuma tabbatar da bai karkata ba. Fikafikan gefe kuwa kowanne sai an ɗan juya bakinsa wajen hanci da kusan kwatan inci, an ɗan kwantar da kansa waje, kuma na dama da na hagu su zo daidai. In ɗaya ya kauce, allon zai riƙa jan ka gefe, kai kuma ka ɗauka ƙafarka ce ba ta iya ba. Tsayinsa, a lissafin da aka saba, inci 1 ne ga kowace ƙafa ta allo: mai ƙafa 8, fiffike inci 8.

In manne shi dindindin, ko in sa akwatin da ake cirewa?

Akwati yana da daɗi. Akwai dogon akwati na fiffike ɗaya da ke ba ka damar matsar da shi gaba ko baya, akwai kuma na kamfanonin FCS da Futures na ƙananan fikafikai. Wanda zai ɗauki allo daga tashar Kaneshie zuwa Kokrobite a kan trotro ya san amfanin cire fiffike ya jefa a jaka. Matsalar ita ce sai an kawo maka akwatin daga waje, sai an huda masa gurbi daidai wa daida, kuma a EPS sai an kewaye gurbin da soso mai tauri ko katako mara nauyi, in ba haka ba bugun farko a yashi zai tumɓuke shi. Ifoksin da ka cika ramin da shi ma, in ya yi yawa, zafinsa kan narka soson da ke kewaye.

Mannawa ba ta buƙatar komai daga waje. Ka yanka fiffiken daga filawud mai jure ruwa, kauri kamar milimita 9 zuwa 12. Ka goge fuskokin biyu daidai da juna, mafi kaurinsa ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ya sirance zuwa baya. Filawud da kansa zai nuna maka aikinka: yayin da kake gogewa, layukan shimfiɗunsa suna fitowa, in sun tafi sumul kuma iri ɗaya a fuska biyun, ka yi daidai. Ka lulluɓe shi da faiba, ka kafa shi, ka cika gindinsa da zaren faiba jiƙaƙƙe, sannan ƙyalle uku ko huɗu kowane gefe, su hau jikinsa su kuma bazu kan allon. Bakinsa ka dakushe shi da samfefa, don fiffike mai kaifi yana yanka mutum.

Akwai abin da ake mantawa?

Gurbin ɗaura igiyar ƙafa, wadda ke haɗa allon da ƙafar mai hawa. A sa shi kusa da wutsiya tun ana aiki. Kakin da ake goga wa saman allo ya zama na ruwan ɗumi, na ƙasashen sanyi narkewa yake yi a nan. Idan allon EPS ya fashe, ko da ɗan tsagu ne, a fito da shi, a bar shi ya tsane sarai kafin a toshe, domin ruwa yana bi tsakanin ƙwayoyin. Kada a bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota.

Gidajenmu na zango kuma gidajen haya ne masu yara da yawa. Ƙurar faiba tana shiga huhu, tana sa ƙaiƙayi, ifoksi kuma yana iya ɓata fata in ana yawan taɓa shi. Takunkumi mai kyau, safar hannu, tabarau, da wuri mai iska nesa da inda mata ke girki. A share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma kafin yara su dawo daga makaranta. Kuma don Allah, wanda bai iya iyo ba ya fara koyon iyo. Tekunmu yana da wuraren da ruwa ke ja zuwa ciki da ƙarfi, igiyar ƙafa kuma tana tsinkewa. Ranar gwajin farko ka shiga tare da 'yan wurin da suka san inda ake shiga da inda ake fita.