Jirgi marar matuƙi da jinin mai haihuwa: tambayoyi daga Sakkwato

Wai da gaske jirgi marar matuƙi na kai jini asibiti?

Da gaske ne. Kamfanin Zipline ya fara a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, sannan jihar Kaduna a 2022. Jirgin na ɗaukar kayan da bai kai kilo 2 ba, yana gudun kusan kilomita 100 cikin awa ɗaya. In ya iso sai ya saki kwalin da 'yar laima, ya koma gida ko sauka bai yi ba.

To in shi ke tuƙa kansa, mene ne aikin mutum?

Tashi kawai ya iya. A ce mace ta haihu a wani ƙaramin asibiti a Goronyo, jini ya ɓalle mata. Ungozoma ce za ta gane halin da ake ciki ta aika saƙo. Wani ne a ma'ajiya zai duba rukunin jinin da ranar ƙarewar wa'adinsa, ya shirya kwalin, ya duba batir da fukafukai. Wani kuma yana gaban kwamfuta yana bin jiragen, in ya ga hadari ya taso ko jirgin soja na hanya, ya maido da su. Kwalin ya faɗo kuma, dole a samu mai iya ƙarin jini a wurin. In aka sa rukunin da bai dace ba, jirgin zai kai shi a kan lokaci, ba ruwansa.

Zai jure yanayinmu?

Nan ne nake da ja. A Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, alhali yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. Batir ma ba ya son zafi. Ga ƙurar hunturu, ga guguwar farkon damina. Ranar da iska ta hana tashi, mai babur za a nema.

Kowa na iya tada irin wannan jirgi?

A'a. Sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Mutanen ƙauye fa?

A Isa ko Sabon Birni, ƙarar abu a sama ba alheri take nufi ba ga wanda ya sha ganin tashin hankali. Kafin jirgin farko ya tashi, sai an zauna da hakimi da limamai da matan gari, an nuna musu kwalin, an faɗa musu inda zai riƙa faɗowa.