Dogara ga hikimar Allah kan addu'a a bukukuwan Masihiyawan Kano da Jigawa

Dogara ga hikimar Allah kan addu'a aƙida ce ta Kiristoci wadda ta ce Allah yana jin kowane roƙo, amma yadda zai amsa da ranar da zai amsa suna hannunsa, domin ya fi mai roƙon sanin abin da zai amfane shi. A wurin Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Kano da Jigawa, waɗanda ake kira Masihiyawa, maganar ta fi tasowa a lokacin godiyar kaka, Kirsimeti, Sabuwar Shekara da Ista. A waɗannan ranaku ne mutum yake lissafin abin da ya roƙa cikin shekara, sau da yawa a bainar jama'a, ya ga abin da ya samu da abin da bai samu ba.

Al'ummar da tarihinta

Yawancin Masihiyawan karkara zuriyar Maguzawa ne, manoma, a yankuna irin su Sumaila, Rano, Tudun Wada, Karaye da Rogo a Kano, da Roni a Jigawa. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa. A shekarun 1930 aka sassauta, mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta shigo ta hanyar jinya, musamman ta masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ikkilisiyar ECWA kuma, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Akwai kuma 'yan Angilikan da 'yan Katolika, kuma Kano ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika, wato yankin da bishop yake jagoranta, a 1999.

Wannan tarihi yana da nasaba da batun. Wasu daga cikin masu bi na farko majinyata ne da suka yi shekaru suna roƙon warkarwa kafin maganin dapsone ya yaɗu a shekarun 1950, kuma wanda cutar ta riga ta ci wa yatsu bai sake samun su ba. Tambayar roƙon da ba a biya ba ta shigo ikkilisiyar tun daga tushe.

Tushen koyarwar

Masu wa'azi kan ce amsar Allah iri uku ce: i, a'a, ko dakata. Rabon yana da sauƙin riƙewa, sai dai nassosin da ke ƙarƙashinsa sun fi shi nauyi. Matiyu 7:7-11 ya umarci a roƙa, ya kwatanta Allah da uban da ba zai ba ɗansa dutse a madadin gurasa ba. 1 Yahaya 5:14 ya ɗaura amsa a kan roƙon da ya dace da nufin Allah. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Sarki Dauda ya yi azumi domin jaririnsa, yaron ya rasu (2 Sama'ila 12). Mafi girma duka ita ce addu'ar Yesu a Getsamani, inda ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba (Luka 22:42). Ganin cewa Almasihu da kansa ya roƙi abin da ba a ba shi ba, koyarwar ta ƙi yarda a ɗauki rashin amsa a matsayin shaidar ƙarancin bangaskiya.

Tsofaffin malaman ikkilisiya sun bi wannan layi. Ogustin na Hippo, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa Monika ta yi ta kuka tana roƙon kada ya tafi Roma a shekara ta 383. Ya tafi, kuma a Italiya ne ya tuba, wato an hana ta abin da ta roƙa a ranar, aka ba ta abin da ta daɗe tana nema. Bahaushe yana da maganar da ta yi daidai da wannan, wadda Kirista da maƙwabcinsa Musulmi duk suke faɗa: wani hani ga Allah baiwa ne.

Godiyar kaka da Kirsimeti

Bayan an kai gero, dawa, gyaɗa da wake gida, ikkilisiyoyi kan keɓe wata Lahadi ta godiya. Magidanta sukan shigo da dami ko buhu, mata da kwanon wake ko kaza, a tara a gaban majami'a ana waƙa da ganga. A nan ne bambanci yake fitowa fili. Kowa ya yi addu'ar ruwa tare da kowa a farkon damina, amma wani ya ɗauko dami a ka, wani kuwa mudu ɗaya ya ƙunso a gefen zane, don tsutsa ko ambaliya ta cinye gonarsa. Dattawa ba su manta farin 1973 ba, ko cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, mutanen bakin kogin Haɗeja kuma sun ga ambaliyar 2022. Nassin da ya fi dacewa da irin wannan shekara shi ne Habakuk 3:17-18, inda annabin ya ce ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, zai yi farin ciki da Allah.

Kirsimeti tana zuwa cikin hunturu, ranar 25 ga Disamba, lokacin da 'yan birni suke dawowa, ake ɗaura aure, ake ɗinka ankon Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikkilisiya. Ga matar da ta yi shekaru ba haihuwa, ko gidan da aka yi rashi cikin shekarar, waɗannan kwanaki suna da ɗaci. Labarin haihuwar Yesu kansa bai ɓoye wannan ba. Zakariya da Alisabatu, iyayen Yahaya Mai Baftisma, sun tsufa ba haihuwa kafin mala'ika ya ce an ji addu'arsu (Luka 1:13). Saminu ya jira har tsufa kafin ya rungumi jariri Yesu, kuma a wurin ya faɗa wa Maryamu cewa takobi zai soki ranta. Matiyu sura 2 ta kawo kukan iyayen Baitalami da Hirudus ya kashe wa 'ya'ya. Hannatu ma, uwar Sama'ila, a lokacin ibadar shekara-shekara a Shilo ne kishiyarta take tsokanarta har ta kasa cin abinci. Wa'azin Kirsimeti da ya tsallake waɗannan wurare ya bar wani sashe na masu sauraro a waje.

Daren Sabuwar Shekara da Ista

Daren 31 ga Disamba akan kwana a majami'a, a ba da fili ga masu shaida. Ɗaya zai tashi ya ce ɗansa ya ci jarrabawa, wata ta ce ta sauka lafiya, jama'a su amsa da guɗa. Akan samu kuma dattijuwar da za ta miƙe ta ce, "Baba Fasto, abin da na roƙa bara bai zo ba tukuna, amma ga ni da rai, na gode wa Ubangiji." Irin wannan shaida tana da daraja ƙwarai, domin ita ce take buɗe baki ga waɗanda suka yi shiru a benci na baya.

Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, cikin zafin bazara, lokacin da rumbu ya fara sauka, sanƙarau kuma yake yawo. A makon ne ake karanta Getsamani da gicciye, kuma tashin Almasihu a rana ta uku shi ne hujjar da ake kafawa cewa shirun Allah ba ƙarshen magana ba ne.

Saɓani

Ba duka Kiristoci suke faɗin abin da murya ɗaya ba. Wasu masu wa'azin wadata, waɗanda saƙonsu yake isa ƙauye ta rediyo da waya, suna koyar da cewa cikakkiyar bangaskiya da baiko mai tsoka, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, suna tabbatar da amsa. Fastocin tsofaffin ikkilisiyoyi da yawa suna ƙin wannan, kuma suna da gaskiya, domin koyarwar tana ɗora wa mara lafiya da matalauci laifin halin da suke ciki. Sukan kawo Yahaya 9:1-3, inda Yesu ya ce makantar mutumin ba zunubinsa ko na iyayensa ya jawo ta ba, da labarin abokan Ayuba da Allah ya tsawata wa.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen kuma. "Nufin Allah ne" takan zama hanyar rufe bakin mai makoki, ko dalilin ƙin kai yaro asibiti. Koyarwar ba ta hana kuka ba, Zabura 13 ta fara da kuka, ta 88 kuwa kuka ce zalla, ba ta kuma hana ci gaba da roƙo ba, kamar yadda misalin gwauruwa da alƙali a Luka 18 ya nuna. Yaƙub 2:15-16 ya ƙara da cewa yi wa mai yunwa fatan alheri da baki kawai ba shi da amfani. Saboda haka a ikkilisiyoyi da dama akan ware wani kaso na hatsin godiya domin gwauraye da marayu, matan Zumunta kuma sukan kai abincin Kirsimeti gidajen da aka yi rashi, su zauna tare da masu gidan, su yi addu'a kafin su wuce gida na gaba.